Yankan Sauti da Maganar Kalangu

Tun 1987 da Karsten Obarski ya fito da Ultimate Soundtracker a kan kwamfutar Amiga, manhajojin tiraka ke jera kiɗa layi-layi, daga sama zuwa ƙasa. Inda suka sha bamban shi ne yadda ake shiga cikin sautin da aka naɗo.

ProTracker ta 1990 ba ta yanka komai. Umarnin 9xx kan tsallaka cikin sautin, taki ɗaya bayit 256, daga nan sautin ya ci gaba har wani ya katse shi. Aiki ne na lalube, kuma sau da yawa takin kan faɗa gefen bugun. Renoise kuwa, tun 2011, tana sa alama a kan hoton sautin, ta ba kowane yanki maɓallinsa, har ta gano wuraren bugu da kanta.

Ga gangunan Turawa, hanya ta biyu ta fi. Amma a ce kalangun mahauta aka naɗo a kasuwar Badagishiri. Kalangu magana yake yi: makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, murya ta hau ta sauka bisa karin harshen Hausa, mai kirarin ya ji sunansa. Na'ura bugu kawai take ji. In ta daddatsa, aka sake jeri, amo na nan amma kirari ya watse. Tsohuwar hanya, duk da makantarta, takan bar jimla ta ƙarasa. Mai aiki da Renoise sai ya kashe ganowar, ya sa alama da hannu inda makaɗin ya kai aya.