Rawar Hema Malini a Kan Fasassun Kwalabe

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhin fim, wai rawa da waƙa a finafinan Indiya cike gurbi ne kawai, lokacin da ɗan kallo zai fita ya sayo gyaɗa ya dawo bai rasa komai ba. Kwanakin baya na sake jin ta a bakin wani malami da nake ganin girmansa, har ya ƙara da cewa 'yar rawa daban, 'yar wasa daban. Ban yarda ba, kuma shaidata Hema Malini ce.

An haife ta a 1948 a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, kuma tun tana yarinya aka sa ta koyon Bharatanatyam, tsohuwar rawar yankin. Ta yi suna a finafinan Bombay daga 1968, da Sapno Ka Saudagar tare da Raj Kapoor. Daga baya ta shiga siyasa, ta ci kujerar Mathura a majalisar ƙasa a 2014. Duk da haka ba ta taɓa sakin dandamali ba, ta ci gaba da shirya wasannin rawa masu labari irin su Durga da Meera.

Abin da masu sukar ba su lura da shi ba shi ne Bharatanatyam kashi biyu ce. Akwai aikin ƙafa, inda mai koyo zai shekara da shekaru gwiwoyinsa a lanƙwashe yana buga ƙasa daidai da kiɗa. Akwai kuma abhinaya, wato ba da labari da ido da gira da wuya da yatsu, baki a rufe. Wanda ya ƙware a wannan ai ya riga ya zama ɗan wasa tun bai ga kyamara ba.

A duba Seeta Aur Geeta na 1972, wanda ya ba ta kyautar Filmfare. Ita ce ta fito a matsayin duka tagwayen, Seeta da Geeta. Kafin ɗaya ta buɗe baki ka san wace ce. Seeta kanta a sunkuye, kafaɗunta a ƙanƙame, tana taku kamar mai tsoron tada mai barci. Geeta kuwa haɓarta sama, takunta a buɗe, ita ce har ta ɗare fankar silin a ofishin 'yan sanda. Ba kwalliya ce ta raba su ba, jiki ne, kuma jikin da aka hora.

Amma inda hujjata ta fi ƙarfi shi ne Sholay na 1975, fim ɗin Ramesh Sippy da babu tsohon ɗan silima a Kano ko Kaduna da bai san shi ba. Ɗan fashi Gabbar Singh ya ɗaure Veeru, wato Dharmendra, a cikin duwatsu, ya kafa wa Basanti, wato Hema Malini, sharaɗin yin rawa: muddin ƙafarta na motsi, masoyinta na numfashi, ta tsaya, a harbe shi. To, a cire rawar nan a ga me ya rage na labarin. Rawar ita ce igiyar da ran mutum ke rataye a kanta.

Ku kalli yadda ta raba jikinta biyu. Ƙafafu na yi wa ɗan fashi aiki, ba sa kuskure kiɗa ko sau ɗaya, domin kuskure mutuwa ce. Idanu kuwa na Veeru ne, suna lallashinsa, suna ce masa ya daure. Da aka farfasa kwalabe a gabanta, ta taka su da ƙafa ba takalmi, sai gajiya ta fara bayyana daga sama zuwa ƙasa: wuya ya saki, hannuwa suka yi nauyi, numfashi ya gajarce, amma diddige na nan kan kiɗa. Yin rawar da ke rushewa ba tare da ta fita daga kiɗa ba ya fi yin rawa mai kyau wuya nesa ba kusa ba. Muryar waƙar ta Lata Mangeshkar ce, kiɗan na R. D. Burman, amma tsoron da ya kama 'yan kallo daga jikin Hema ya fito. Masu cewa ai wannan ba tsantsar Bharatanatyam ba ce sun faɗi gaskiya, sai dai ba ta taɓa hujjata ba. Ba salon nake karewa ba, horon.

Nan ne nake jin zafin abin da ke faruwa a gida. Masu shirya finafinanmu sun aro daga Indiya guje-guje cikin lambu da sauya kaya sau biyar, suka bar horon a can. Shi ya sa rawar take tsaya wa labari a maƙogwaro, har masu suka suka sami bakin magana. Alhali muna da namu: 'yan koroso, da masu rawar asauwara, da takai, mutanen da suka san ma'anar kowane taku. Ina roƙon daraktocinmu, kafin ku sake ɗora waƙa a fim, ku nemo waɗannan su koyar da 'yan wasanku, kuma kada ku sa rawar da za a iya yankewa labari ya tafi lafiya lau.