Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Nazarin Wasan Ƙwallon Na'ura daga PES zuwa eFootball

A Kance, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar da ta taso daga Takieta ta ratsa Matamaye ta nufi iyakar Nijeriya, wasanni biyu ne ke cin kasuwa idan la'asar ta yi sanyi. A gindin itace dattawa na tona gurabun dara a ƙasa, wannan da karare, wancan da tsakuwa. A cikin shago kuwa, gaban talabijin, samari biyu ne ke buga ƙwallon ƙafa ta na'ura, wasu na tsaye a bayansu suna jiran layi, kowa da shawarar da yake bayarwa ba tare da an tambaye shi ba. Malaman makaranta sun daɗe suna kallon irin wannan shago a matsayin wurin ɓata lokaci da ɓarnar ƴan daloli, kuma ba su rasa hujja ba. Sai dai abin da ake bugawa a ciki aikin fasaha ne, yana da masu tsara shi, da tarihinsa, da ƙa'idojinsa, don haka ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna littafi ko fim. Bugu da ƙari, a ƴan shekarun nan ƙorafi ya yawaita a bakin masu wasan: na'urar da ta yi aiki jiya, yau an ce ta tsufa, wasan da aka biya kuɗi aka saya, an wayi gari ya ƙi buɗewa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya shafi makaranta da ƙungiyar raya al'adu fiye da yadda ake zato.

Abin da PES ya kasance

Kamfanin Konami na ƙasar Japan ne ya fara fitar da wasan Winning Eleven a 1995, daga 2001 kuma aka riƙa sayar da shi a Turai da sunan Pro Evolution Soccer, wato PES. Ya sami gindin zama ne a kan na'urar PlayStation 2 ta kamfanin Sony, wadda ta fito a shekarar 2000, aka sayar da fiye da miliyan 155, aka daina ƙera ta a farkon 2013. Da masu ita a Turai da Asiya suka koma wa sababbi, sai tsofaffin suka biyo hanyar gwanjo zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma, inda suka sami rayuwa ta biyu.

Kyawun PES na wancan zamani, musamman PES 6 na 2006, yana cikin yadda ƙwallo ke da nauyinta da ra'ayinta: ba ta manne a ƙafar ɗan wasa, tana iya kuɓucewa, tana iya bugun turke ta dawo. Wanda ya iya haƙuri da raba ƙwallo yana cin mai gaggawa. Akwai kuma sashen da ake kira Master League, inda mutum ke fara ƙungiya da ƴan wasan ƙirƙira marasa suna irin su Castolo da Minanda, ya raine su kaka bayan kaka har su zama zakaru. Wannan labari ne da mai wasa ke rubutawa da hannunsa, kuma katin ajiya guda ya isa ya adana shi.

Har rauninsa ya zame masa alheri. Da yake Konami ba ta da izinin amfani da sunayen ƙungiyoyi da dama, sai ta kira Manchester United da Man Red, Arsenal kuma North London, sa'an nan ta bar wa masu wasa ƙofar gyara: su sauya suna, su sauya riga, su ƙirƙiri ƙungiya sukutum. Ta wannan ƙofa aka shiga aka mai da wasan na gida. A Burazil, tun wajajen 2007 ake yin kwaskwarimar da ake kira Bomba Patch, wadda ke zuba sababbin ƴan wasa a cikin tsohon faifai. Ko da yake PES 2014 ne na ƙarshe da Konami ta fitar wa PlayStation 2, masu gyara sun ci gaba da sabunta jerin ƴan wasa shekara da shekaru, ana kwafa daga hannu zuwa hannu. Mai shago yana bukatar abu uku kawai: na'ura, talabijin, da wuta.

Ranar da aka sauya suna

Ranar 30 ga Satumba 2021 Konami ta ajiye sunan PES ta fitar da eFootball 2022. An ce kyauta ne, kuma gaskiya ne ba a biyan kuɗin saukar da shi. Amma ya fito da ƙungiyoyi 9 kacal ga mai son bugawa ba tare da intanet ba, babu Master League, fuskokin ƴan wasa sun murguɗe har suka zama abin dariya, kuma cikin kwanaki ya shiga sahun wasannin da suka fi shan suka a tarihin kasuwar Steam. Kamfanin ya nemi afuwa, ya fitar da gyararren bugu a Afrilu 2022, na waya kuma a watan Yuni. Adalci ne a faɗa cewa wasan ya inganta tun daga lokacin, kuma shigarsa waya ta kai shi hannun miliyoyin da ba za su taɓa iya sayen na'ura ba.

Amma gyaran fuska bai taɓa ginshiƙin tsarin ba. Zuciyar eFootball ita ce haɗa ƙungiya ta intanet da karawa da baƙo na nesa. Fitattun ƴan wasa ana samun da yawansu ne da kuɗin cikin wasa, waɗanda ake saya da kuɗin gaske, kuma sau da yawa ta hanyar ƙuri'a: ka biya, na'ura ta zaɓa maka. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan tsari a matsayin caca tun 2018. A Master League haƙuri ke gina ƙungiya. A nan aljihu na iya riga haƙuri. Kuma ƙungiyar da yaro ya shafe shekara yana tarawa ba ta cikin wayarsa, tana ajiye a na'urorin kamfani a wata ƙasa. Ranar da aka rufe su, ta tafi.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta farko ita ce ta ƙasa. A Mayu 2024 Sony ta sanar da cewa duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya buɗe asusun PlayStation Network, alhali ba a buɗe wannan asusu a Nijar da galibin ƙasashen Afirka. Nan take aka janye wasan daga sayarwa a ƙasashe da yankuna 177. Hayaniya ta sa kamfanin ya janye sharaɗin cikin kwanaki, amma takunkumin sayarwar sai a 2025 aka sassauta shi. Darasin a fili yake: saurayin Kance da ke son bin ƙa'ida, sau da yawa sai ya ce shi mazaunin Faransa ne kafin a karɓi kuɗinsa.

Ta biyu ita ce ta babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Windows 11, wanda ya fito a Oktoba 2021, yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƴan shekarun nan. Kasuwar Steam ta daina tallafa wa Windows 7 da 8 daga 1 ga Janairu 2024. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10. Kwamfutar ba ta mutu a ranar ba, tana kunnuwa kamar kullum, sai dai an daina toshe mata sababbin kafofin ɓarayi, manhajoji kuma za su riƙa juya mata baya ɗaya bayan ɗaya. An ba da ƙarin shekara guda ga mai biyan dalar Amurka 30 ko mai cika wasu sharuɗɗa, aka sassauta wa mazauna Tarayyar Turai bayan ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa. Ƙasashen da suka dogara da kwamfutar gwanjo ba su da irin wannan murya, alhali su ne abin ya fi shafa. Haka waya take: duk lokacin da wasa ya ɗaga matakin Android da yake bukata, wayoyi masu rai da lafiya ke faɗuwa daga layi.

Ta uku ita ce ta rufewa baki ɗaya. A Satumba 2023, da kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA, ya kwashe tsofaffin wasanninsa na FIFA daga kasuwannin intanet. Kamfanin Ubisoft na Faransa kuwa ya kashe na'urorin wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, wasan ya daina aiki har ga wanda ke riƙe da faifansa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan 1 a Yuli 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa masu sayarwa su bayyana cewa izinin amfani suke sayarwa, ba mallaka ba. Wato doka ta tabbatar da abin da Bahaushe ya riga ya sani game da zanen aro.

Hujjar kamfani

Kamfanonin na da abin faɗa. Riƙe na'urori a kunne kuɗi ne. Izinin sunayen ƙungiyoyi da ƴan wasa yana ƙarewa. Tsohuwar manhaja na zama ƙofar ɓarayin bayanai. Kuma faifan da ake kwafa a kasuwa bai taɓa mayar musu da ko dala ɗaya ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai kukan an zalunce shi da faifan kwafi a hannunsa ya kamata ya rage murya. Amma hujjar ta tsaya ne a kan daina hidima, ba ta kai ga halatta kashe abin da aka riga aka sayar ba. Maɗaba'a na iya daina buga littafi, ba ta da ikon shiga gida ta goge shafukan wanda aka saya. Sa'an nan tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa wuta da intanet ba sa yankewa. Mutanen jihar Damagaram sun san ba haka ba ne. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo da ita ba sai Maris 2024. A irin wannan hali tsohuwar na'ura na tashi da ƙaramin janareta ko faifan hasken rana, ba ta tambayar kowa izini. Sabon wasa kuwa sai ya gaisa da Tokiyo kafin ya buɗe.

Ma'aunin dara

A nan ne dara ke da amfani ga mai nazari. Gurabu 30, ƴaƴa 12 ga kowane ɓangare, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Tambayoyi uku take koyarwa a yi wa kowane wasa: ana iya mallakarsa? Ana iya gyara shi ya dace da gida? Ana iya gadar da shi? Dara ta amsa duka ukun, don ƙa'idarta na cikin kai, filinta kuma ƙasa ce. PES na PlayStation 2 ya amsa biyu da rabi, domin yana rayuwa muddin akwai mai gyaran na'ura da kayan gyara. Shi kuwa eFootball, duk da kyawun hotonsa, bai amsa ko ɗaya ba cikakkiya. Wani bincike na cibiyar Video Game History Foundation a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Fasahar da ba ta kai shekara 60 a kasuwa ba ta riga ta fi waƙar baka saurin ɓacewa.

Wannan ba ya nufin dara ta tsira. Ita ma tana mutuwa, mutuwarta dai ta dabam ce: ranar da dattijo ya rasu ba yaron da ya zauna kusa da shi, dara ta ci gida. Kokawa ta samu gata tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, amma langa da dara da wasannin dandali ba su sami rabin wannan kulawa ba. Al'ummar da ta bar nata ya lalace ba ta da bakin zargin baƙo don ya karɓe aronsa.

Abin da ya rage ga malamai

Makarantar da aka ba kyautar kwamfutoci na fuskantar matsalar da mai shagon wasa ke fuskanta, ba bambanci. Kafin a jibge su a ɗakin ajiya don sun kasa ɗaukar Windows 11, ya kamata a san cewa akwai Linux, wanda kyauta ne kuma nau'o'insa da dama na tafiya a tsohuwar na'ura. Akwai Scratch, manhajar koya wa yara tsara wasa da jami'ar MIT ta fitar a 2007, wadda ke da bugun da ba ya bukatar intanet. Ɗalibin koleji da ya zauna da kakansa ya rubuta ƙa'idojin dara da Hausa, sa'an nan ya mayar da su umarnin kwamfuta, ya koyi lissafi da rubutu da tarihi a zama ɗaya, kuma abin da ya yi nasa ne. Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, da suka saba tattara waƙa da tatsuniya, lokaci ya yi da za su haɗa da wasa: yadda ake tona gurbi a Kance, yadda ya bambanta da na Magarya ko Daura, da kalmomin da ake jifan juna da su a bakin fage. Har shagon talabijin ɗin yana da nasa kalmomin da nasa gwanaye, kuma ya kamata a rubuta su tun na'urar ƙarshe ba ta ƙone ba.