Waƙar Kilkelly: wasiƙun uba da suka zama waƙar jama'a

Daga cikin waƙoƙin da mutanen ƙasar Irland suke rerawa a kan ƙaura da rabuwar iyali, kaɗan ne suka shiga zukata kamar wadda ake kira Kilkelly. Da yawa daga masu sauraronta suna ɗaukarta tsohuwar waƙa ce da aka gada kaka da kakanni, wadda ba a san mai ita ba. Alhali kuwa an san shi. Sunansa Peter Jones, Ba'amurke ne, kuma tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ya tsara ta. To, yaya aka yi sabuwar waƙa ta sami martabar ta gargajiya? Amsar tana cikin asalinta.

Kilkelly ƙauye ne a lardin Mayo, yammacin Irland. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawan ƙasar. Wajen mutum miliyan ɗaya yunwa da cututtuka suka kashe, wasu fiye da miliyan suka haye teku. Lardin Mayo na cikin inda abin ya fi muni: mutanensa sun kusa 389,000 a 1841, amma a 1851 ba su kai 275,000 ba. Bayan yunwar ma ƙaura ba ta tsaya ba. Har al'ada ta kafu, daren da saurayi zai tashi zuwa Amurka dangi da maƙwabta su taru su kwana tare kamar ana zaman makoki, don kowa ya san da wuya a sake ganawa.

A shekarun 1850 wani saurayi na wannan yanki ya tafi Amurka, ya bar iyayensa. Shi ne kakan kakan Peter Jones. Fiye da ƙarni ɗaya bayan haka aka tarar da ƙunshin tsofaffin wasiƙu a ajiye a gidan iyayen mawaƙin, a jahar Maryland. Wasiƙu ne da uban saurayin ya yi ta aiko masa daga gida har tsawon shekara talatin da ƴan kai. Tsohon bai iya rubutu ba. Malamin makarantar ƙauyen ne yake zama ya rubuta abin da ya faɗa.

Daga wannan ƙunshi Jones ya fitar da baiti biyar, kowane baiti wasiƙa guda mai ɗauke da shekararta: 1860, 1870, 1880, 1890, sai 1892. A na farko uban yana ba da labarin ƴan'uwan da suka tafi Ingila neman aiki, da dankalin da ya lalace, da auren ƴarsa. A na biyu yana gaida surukarsa da jikokin da bai taɓa gani ba. A na uku yana sanar da rasuwar uwa. A na huɗu ya kai wajen shekara tamanin, yana godiya saboda kuɗin da ake aiko masa. A na biyar kuwa murya ta sauya: ɗan'uwa ne yake rubutowa, yana cewa an binne tsoho kusa da matarsa, kuma har ƙarshe yana ambaton ɗansa na Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 Mick Moloney da Robbie O'Connell da Jimmy Keane suka ɗauki waƙar a faifai, ta bazu a Amurka da Irland.

Ƙarfin waƙar yana cikin abin da ta ƙi faɗa. Gefe ɗaya na zancen kawai ake ji. Amsoshin ɗan ba su cikin waƙar, sai dai inuwarsu: an san ya yi aure, an san ya haihu, an san yana aiko da kuɗi. Ba a zarge shi ba, ba a kuma wanke shi ba. Uban bai yi kuka ba, bai yi gori ba. Labarin gona da damina da aure da mutuwa yake jerawa, irin yadda manomi yake magana, sa'an nan ya rufe da marmarin ganin ɗansa. Wannan marmari shi ne yake dawowa baiti bayan baiti, a kan karin da ba ya sauyawa, yayin da shekaru suke tsalle goma-goma. Mai sauraro yana lissafi a ransa, ya gane tun kafin baiti na ƙarshe cewa ganawar ba za ta yiwu ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ga zumuntar da takarda da kuɗi suka riƙe shekara talatin, ƙafa ba ta taka ba.

Sai dai duk wanda ya tace, ya zubar da wani abu. Baiti na uku ya faɗo a 1880, daidai lokacin da lardin Mayo yake tafasa. A 1879 aka kafa ƙungiyar manoma masu haya, wadda Michael Davitt, ɗan lardin, yake cikin jagororinta, don yaƙi da tsadar kuɗin hayar gona da korar iyalai daga gidajensu. Waƙar ta ambaci rashin amfanin gona da masu sayar da filayensu a wulaƙance, amma ba ta ambaci masu manyan filaye ba. Ta haka ƙaura ta fito kamar ƙaddara, irin ta ruwa da iska, alhali akwai hannun mutane a cikinta. Malamin da zai kai waƙar aji ya kamata ya cike wannan giɓi da darasin tarihi.

Akwai kuma mutum na uku da bai kamata a manta ba, wato malamin da ya riƙe alƙalami. Waƙar ta ambace shi sau ɗaya, a baitin farko, daga nan ya ɓace. Amma ta hannunsa maganar tsohon ta bi, shi ya zaɓi kalmomin gaisuwa, shi ya san yadda ake sanar da mutuwa a takarda. Tsofaffin malaman ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san wannan aiki, don kafin zuwan wayar salula su ne suke rubuta wa iyaye wasiƙa zuwa ga ƴan cirani a Kumasi ko Abijan ko Legas, su kuma karanta musu amsa in ta zo.

Ashe asalin Kilkelly hannu uku ne: uban da ya faɗa, malamin da ya rubuta, da jikan jikan da ya rera. Jama'a ta karɓe ta a matsayin tata domin kalmominta daga bakin talaka suka fito tun farko. Kuma ba don wani ya adana waɗancan takardu fiye da shekara ɗari ba, da babu waƙar. A cikin akwatuna da kwallayen gidaje da dama na ƙasar Hausa akwai irinsu, gara na cinsu. Ƙungiyoyin raya al'adu suna da aikin yi kafin su ƙare.