Wa'azin Makiyayi a Ƙasar Masu Kiwo

A kudancin Sakkwato, daga Tambuwal zuwa Kebbe da Fakku, da wuya ka shiga gidan da ba a ɗaure tunkiya a turke ba. Kiristoci a nan 'yan ƙalilan ne, akasari baƙi: ma'aikata, 'yan kasuwa da mutanen ƙasar Zuru. Bishara ta shigo lardin a makare, ta asibitin kutare da mishan na SIM suka riƙe a Amanawa tun shekarun 1930, lokacin da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Miller na Zariya ya yi wa hidima, ya fito a 1932. Tun daga nan wa'azin makiyayi da tumaki ya zauna daram a majami'un Hausa.

Ginshiƙansa sanannu ne: Zabura ta 23, misalin ɓatacciyar tunkiya a Luka 15, da Yahaya 10, inda Yesu ya kira kansa makiyayi na ƙwarai. Katolika ma sun keɓe masa Lahadi ta huɗu ta lokacin Ista.

Mai wa'azi a Landan sai ya fara bayyana wa jama'a yadda tunkiya take. A nan kuwa masu sauraro sun fi shi sani. Sun ga Udawa na ratsawa da garkensu, mai sanda a gaba, tumaki na biye da kiransa, ba sa kula muryar baƙo. Sun san mutumin da ake ba amanar kiwo don lada, wanda in kura ko ɓarayin daji suka taso, ransa zai fara tsira da shi. Ko maƙwabcinsu Musulmi ba baƙon zancen ba ne, domin hadisi ya tabbatar cewa annabawa duk sun yi kiwo.

Sai dai wannan sanin yana da ƙaya. Bahaushe ba ya kiwon rago don Allah ya sa ya tsufa. Dusa da harawa da kanwa da ake zuba wa balami, duk lissafin kasuwar Babbar Salla ne. To wane irin makiyayi ne zai ba da ransa saboda dabbar da wuƙa ke jiranta? Nan ne ƙarfin Yahaya 10 yake, domin ta kifar da lissafin mai kiwo gaba ɗaya, kuma wa'azin da ya kauce wa wannan tambaya, ya tsaya ga ciyawa mai laushi da ruwan sanyi, bai taɓa zuciyar nassin ba.

Akwai kuma son kai wajen zaɓen aya. Ana yawan jaddada biyayyar tumaki: ku bi, ku ba da zakka, kada ku bauɗe. Ba kasafai ake buɗe Ezekiyel 34 ba, inda aka tsine wa shugabannin da ke cin kitsen garke, su bar gurguwa da mai ciwo a daji. A ganina wannan babin ya fi dacewa da taron fastoci fiye da kowane. Bitrus ma, a ƙarshen Yahaya, sai da aka tambaye shi ƙauna har sau uku, ana damƙa masa kiwo a kowane karo, aka kuma nuna masa irin mutuwar da aikin zai kai shi.