Jinjina ga Ma'aikatan Gandun Itasca

Duk wanda ke shirin kwana cikin tanti a bakin Tafkin Itasca, a jihar Minnesota ta Amurka, kafin ya ɗaure kayansa wasu sun riga sun share masa hanya. Su ne ma'aikatan gandun, kuma sun cancanci jinjina.

An kafa gandun a 1891, shi ne mafi daɗewa a jihar. Daga wannan tafki Kogin Misisipi yake farawa, ƙarami har mutum yana tsallaka shi a kan duwatsu, kafin ya yi tafiyar sama da kilomita 3,700.

Ana kama wurin kwana ta intanet tun saura kwana 120. Ma'aikatan ne ke gyara filin, su tanadi ruwan sha da murhu. Suna hana shigo da itacen girki daga nesa, domin a cikin ɓawonsa ƙwarin da ke kashe bishiyoyi suke ɓuya. Baƙo kan ji haushin wannan doka, amma gaskiyarsu ce.

Aikin yana da tarihi. A 1903, Mary Gibbs, tana da shekara 24, ta gaji mahaifinta a shugabancin gandun. Masu saran katako suka datse kogin, ruwa ya fara cinye tsofaffin bishiyoyi. Ta tunkare su duk da bindigar da aka nuna mata, daga bisani aka buɗe madatsar. Yau cibiyar baƙi da ke mafarin kogin sunanta take ɗauke da shi.

Madalla da waɗannan ma'aikata, Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa.