Ido Kafin Almakashi: Gwanintar Likitan Fata

Buƙatar masu zuwa asibitin gyaran fata kusan ɗaya ce: "Likita, a cire mini wannan abin." Wata ƙananan baƙaƙen tsiro ne suka feso mata a kumatu da gefen ido, irin waɗanda ake gado, suke ƙaruwa da shekaru a jikin baƙar fata. Wani kuma ɗan nama ne yake reto a wuya, riga tana gugarsa. Cirewar 'yan mintuna ce. Gwanintar da ke burge ni tana cikin dubawar da ake yi kafin a taɓa komai.

Ƙwararre da tambaya yake farawa. Yaushe ya fito? Yana girma? Ya taɓa yin jini? Sannan ya ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kan fatar, wanda ke ƙara girman abu kamar sau 10, har a ga yadda launi ya bazu da ƙananan jijiyoyin jini da ido ba ya gani. A 1985 likitoci a New York suka tsara alamomi huɗu na bambance tawadar Allah da sankarar fata, aka ƙara ta biyar a 2004: ɓarin nan bai yi daidai da wancan ba, gefen ba shi da tsari, launin ya haura ɗaya, faɗin ya wuce milimita 6, ko kuma abin yana sauya kama.

Gwani yakan nemi ganin tafin ƙafa da tafin hannu da farce, ko da fuska aka kawo masa, domin a nan wannan sankara ta fi ɓuya wa baƙar fata. Bob Marley, da ya rasu a 1981 yana ɗan shekara 36, a ƙarƙashin farcen ƙafa tasa ta fara. In likita ya yi shakka, ba ya ƙona tsiron. Yankewa yake yi ya aika ɗakin gwaji, saboda abin da aka ƙone ba a iya bincikarsa.

In an tabbatar babu cuta, sai hannu ya karɓi aiki. A yi allurar kashe zafi, a kama naman da ɗan hantsaki, almakashi ya datse shi daidai gindi, a taɓa wurin da tsinken lantarki jinin ya tsaya. Baƙaƙen tsiron fuska kuwa taɓawa ɗaya ake yi wa kowanne, sai ka ga ya koma toka-toka, ya yi ɓawo, bayan mako guda ko biyu ya faɗi. In an zurfafa, tabo ne. In an tsaya sama-sama, ya dawo.

Baƙar fata ba ta yafe ganganci. Akwai ruwan naitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili da ake daskarar da tsiro da shi, amma sanyin yakan kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi, ya bar farin tabo. Akwai kuma masu jikin da tabonsu ke kumbura ya zarce raunin, musamman a ƙirji, kafaɗa da fatar kunne. Shi ya sa likita zai tambayi yadda hujin kunne ko tsohon rauni ya warke, kuma wani lokaci ya ce, "Hajiya, wannan a bar shi, kada garin gyaran gira a rasa ido."

Wannan magana tana rage masa kuɗin shiga, amma da ita ake gane wanda ya san aikinsa. Reza da zare da ruwan ƙuna na kasuwa duk suna iya cire tsiro, sai dai babu wanda zai gaya maka ko mene ne ka cire. Duk mai son gyara fatarsa, ya nemi likitan da zai duba tukuna.