Saurayin da Bai Jin Habaici

A littattafan soyayya na Kano da muke aro nan Kiéché, kallo ɗaya ya isa jarumi ya gane zuciyar budurwa. Ta ce “ba komai”, ya san da komai. To mai galahanga fa, wanda ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta? Wurin zance a yi mai habaici, ya amsa da gaske, ƙawaye su kwashe da dariya, wai dolo ne. Shirin Love on the Spectrum na Ostareliya (2019) ya bar irinsu sun yi magana da bakinsu, ko da yake zaman gidan abincinsu ba zancen ƙofar gidanmu ba ne. Marubutanmu kuwa, wallahi ban taɓa karanta wanda ya ba irin wannan yaron budurwa ba.